Sawu Ɗari da Sha Bakwai

Sawu ɗari da sha bakwai na yi,
ni Haladu, da tsohuwar tifata mai tari.
In ja liba, bodi ya ɗaga,
yashi ya sulale cikin fadamar bayan Majidun,
ta haɗiye ba ko uffan,
kamar majinyacin da aka ɗura wa maɗaci.
Kan sawu ake biyana.
Ban tambayi kwaɗi ina za su koma ba.

Cif Oyelaran na da takarda.
Na gan ta da idona, hatimin ƙaramar hukuma, shuɗi,
ta ce kantuna tamanin za su tsaya nan,
da banki, da filin ajiye motoci.
Ciyaman da kansa ya zo ya aza bulon farko,
ya ce gundumarsa ce, shi zai faɗi abin da ƙasa za ta haifa,
ya ce samari ɗari uku za su bar kwanan ƙarƙashin gada.
Na yi tafi har tafina ya yi zafi.
Ƙanena Ɗanlami na cikin ɗari ukun.

Ran wata Talata mace ta sauko daga Alausa,
takalmin roba har gwiwa, gwangwanin jan fenti a hannu.
Ita ma da takarda. Nata hatimin kore.
Ta auna daga bakin rafi, tana ƙirga a ranta,
ta tsaya daidai inda tayar motata ta tsaya,
ta ce, daga nan zuwa can
ba na Cif ba ne, ba na ciyaman ba,
masaukin ruwa ne in damina ta kawo shi.
Ta ja jan layi biyu a katanga, ɗaya kan ɗaya.
Magina suka zauna kan bulo suna ɓare gyaɗa,
ranar ba wanda ya kai cefane gida.

Takarda biyu, ƙasa ɗaya.
Manya suka tafi kotu da lauyoyinsu,
mu muka koma zuwan dare, fitila a kashe.

Iya Sikira mai kyafa kifi a bakin hanya
ta tare ni da Hausarta ta kasuwa:
Mai mota, ka san mai gidan da kake binnewa?
Tafiya ya yi, bai mutu ba.
Na sayi tarwaɗa biyu don ta yi shiru.

A watan Yuli sama ta kwana uku ba ta rufe baki ba.
Ɗakina a Agiliti, ruwa ya shigo ba sallama,
ya ɗaga tabarma, ya ɗanɗani buhun gari,
ya tafi da takalmin makarantar Zinaru, ƙafar hagu kawai.
Na tsaya tsamo-tsamo, yarinya a wuya,
bakina na ƙirge ban sa shi ba.

Ban ce yashina ne ba.
Tsakanin Agiliti da Majidun akwai tafiya,
masu ilimin taswira su yanke wannan.
Ni dai na san daro:
in ya cika ka jefa dutse,
ƙafar wanda ke kusa ce ke jiƙewa.

Kotu ta ɗage zama sai Nuwamba.
Jan fentin ya fara koɗewa.
Ɗanlami kullum sai ya tambaya yaushe za a buɗe kantuna,
ya riga ya sayi farar riga.
Iya Sikira ta koma sayar da kifin kwali.

Ɗazu foman ya kira: sawu biyar, daren yau.
Saura kwana tara kuɗin haya.
Ga makulli a tafina, ya ɗumama.
Gabas kuma ta fara haɗa gira.